Na biya kuɗin yawo a Buenos Aires, suka kai ni gaban sunayen yaran da teku ta riƙe

Toh jama'a tun da na dawo nake cewa zan zauna in rubuta wannan abin, yau dai Allah ya yi. Ba talla nake wa kowa ba, sunan masu harkar ma ba zan kama ba saboda akwai inda suka ɓata min rai kuma zan faɗa, ba na so ya zama na taɓa musu hanyar cin abinci. Amma wallahi duk tafiyar da na yi a rayuwata ban taɓa biyan kuɗin abu na ji ya zauna min a rai kamar wannan ba.

Wajen aiki ne suka tura mu Ajantina horo na sati biyu a kan ajiyar hatsi, yadda suke ɗura masara da waken suya cikin wasu dogayen buhunan roba a tsakiyar gona. Ta Addis Ababa muka bi, jirgi ya tsaya Sao Paulo sannan Buenos Aires, tafiya ce mai karya jiki gaskiya. Ranar da aka ba mu hutu abokan tafiyata duk filin ƙwallon Boca suka nufa, ni kuma a teburin otal na ga wata 'yar takarda ta masu zagayawa da baƙi, an sa hoton wani jirgin ruwa ya karkace yana shirin nutsewa ga wasu kwale-kwalen roba kewaye da shi, a ƙasa an rubuta 323. Shi ke nan abin da ke jiki sai lambar WhatsApp. Ni dai abin da na sani a kan rigimar Ajantina da Ingila bai wuce ƙwallon da Maradona ya ci da hannu a 1986 ba, sai kuma labarin da mahaifina yake ba mu na yadda suke kewaye rediyo suna jin yaƙin Fokland a BBC Hausa. Tsibirai ne a teku da ƙasashen biyu suka yi yaƙi a kansu, su can ba sa cewa Fokland, Malvinas suke cewa, kuma in ka je ka kiyaye wannan don ba wasa suke da shi ba, har jikin motocin haya da allunan kan hanya za ka ga taswirar tsibiran.

Harkar ta iyali ce ashe. Wata matashiya ce ke amsa saƙo, ita ke tuƙi, ita ce kuma tafinta, sai mahaifinta wani dattijo mai furfura ɗan sama da shekara 60 wanda shi ne ainihin ɗan jagorar. Sai da muka shiga mota take gaya mana ai baban nata yana cikin jirgin nan na hoton ranar da aka harbe shi, yana ɗan shekara 19, kuma ba shi ya zaɓi aikin soja ba ƙuri'a ce ta faɗa kansa. Daga nan na daina kallonsa a matsayin mai sana'a, Baba na koma ce masa, 'yar ta fassara masa abin da kalmar ke nufi a wajenmu ya yi murmushi ya dafa kafaɗata.

Bari in fara da abin da bai min daɗi ba don in sauke shi. Saƙo sai ka tura da safe a amsa maka da daddare, har na fara tunanin ko sun daina aikin ne. An ce ƙarfe 9 za a ɗauke mu, sai kusan 10 saura suka iso, ina tsaye a ƙofar otal cikin sanyin nan nasu, don watan Mayu a can farkon sanyi ne ba kamar wajenmu da ake narkewa ba. Kuɗi kuma a hannu suke karɓa ba sa karɓar kati, kuma ba a gaya min ba sai da na shiga mota. Farashin ba zan faɗa ba don kuɗinsu peso ba ya zama wuri ɗaya, abin da na biya ba lallai shi za ka biya ba, amma dai bai yi tsada ba in ka duba yini guda ne har da mota da abincin rana. Abincin ranan ne babbar matsalar, sau biyu na rubuta musu ni Musulmi ne ba na cin alade, suka ce ba damuwa, da muka je wajen cin abincin sai ga faranti cike da irin samosar nan tasu da suke kira empanada kuma rabi duk naman alade da cuku ne, an cakuɗa su wuri ɗaya. Raina ya ɓaci sosai. Ta ba ni haƙuri ta je ta sa aka soyo min na masara da na albasa daban, na ci na ƙoshi alhamdulillah, amma abu ne da bai kamata ya faru ba tun farko.

Mu shida ne a motar, ni kaɗai ne baƙar fata, sauran 'yan Brazil biyu da wasu Turawa uku. Wajen farko da aka kai mu shi ne dandalin San Martin a unguwar Retiro, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. A gangaren dandalin akwai wani bango, jikinsa allunan baƙin dutse guda 25, an sassaƙa sunayen mutum 649 wato duk 'yan Ajantina da suka mutu a yaƙin na 1982. Wuta na ci a gefe ba ta mutuwa, sojoji biyu na tsaye ƙiƙam suna gadi. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne babu muƙamin kowa a jiki, ba kyaftin ba kofur ba kurtu, suna ne kawai. Kuma in ka juya baya ka tsallaka titi ga wata doguwar hasumiya mai agogo tana kallon bangon, wadda Turawan Ingila mazauna garin suka gina wa Ajantina kyauta aka buɗe ta a 1916, da Hasumiyar Ingilishi ake ce mata, bayan yaƙin aka canza mata suna.

A nan Baba ya tsayar da mu ya ce kafin ya faɗi komai kowa ya zaɓi allo ɗaya ya karanta sunayen da ke jiki da bakinsa, ba a zuci ba. Ni da farko na ji nauyi, ga mutane na wucewa, ga sunayen Sifaniyanci harshena ba ya juya su daidai. Amma na fara, kuma kafin in kai ƙarshen allon muryata ta canza ban san lokacin ba. Sai ya ce toh duk suna biyu da muka karanta kusan ɗaya a cikin jirgi guda ya mutu, a yammaci guda, cikin abin da bai wuce awa ɗaya ba. 323 daga cikin 649. Wannan dabarar tasa ita ce ta sa nake cewa kuɗina bai tafi a banza ba, don da lissafin kawai ya faɗa min da na gyaɗa kai na wuce kamar yadda muke yi in an ce a labarai mutum kaza sun mutu.

Ya buɗe wata tsohuwar jakar leda mai hotuna ya fara ba mu labarin jirgin, yana faɗa 'yar na fassarawa. Sunansa General Belgrano, sunan mutumin da ya ƙirƙiro musu tutar ƙasa. Tsohon jirgin Amurka ne, da sunansa Phoenix, yana cikin tashar Pearl Harbor ranar da Japan ta kai hari a Disambar 1941 kuma ya fita lafiya, a 1951 aka sayar wa Ajantina. Wato lokacin da aka tura shi wannan yaƙin ya haura shekara 40 a ruwa, tsawonsa wajen mita 185. Mutum 1,093 ne a ciki, 408 daga cikinsu yaran aikin soja na tilas ne irinsa.

Wannan maganar ta tilas ɗin ita na fi so ku gane, don ita ce ta hana ni barci a daren. A lokacin duk namijin da ya kai shekara 18 sunansa na cikin ƙuri'a, ana amfani da lambobi uku na ƙarshen katin ɗan ƙasarsa, ana juya ƙwallaye kamar na caca ana sanarwa a rediyo, gida gida iyaye na zaune suna saurare. In lambar da ta faɗo maka ƙarama ce ka tsira ka ci gaba da harkarka, in ta tsakiya ce sojan ƙasa, in babba ce can sama toh sojan ruwa. Ya ce shi ranar yana shagon gyaran mota inda yake koyon aiki, mahaifiyarsa ce ta ji a rediyo kafin shi. Ku ɗauka kamar yadda ake tura yaranmu bautar ƙasa garin da ba su taɓa gani ba, sai dai wannan bindiga ce da jirgin yaƙi, kuma ba sai ka yi jami'a ba. Da yawansu daga arewacin ƙasar suka fito inda ake zafi, irin su Chaco da Corrientes da Salta, wasu ba su taɓa ganin teku ba sai da aka sa musu kaki, wasu ko iyo ba su iya ba. Har suna suke da shi na tsokana, colimba, wai daga kalmomi uku aka haɗa: yi gudu, goge, share. Aikin da aka san su da shi ke nan, shara da wanke-wanke da aike. Ba su suka ce a kama tsibiri ba, Janar Galtieri da gwamnatinsa ta soja ne suka tura dakaru ranar 2 ga Afrilun 1982 a lokacin da tattalin arziki ya rushe mutane sun fara fitowa zanga-zanga.

Jirgin ya bar Ushuaia, garin da ke can ƙarshen kudu, a ƙarshen Afrilu, masu yi masa rakiya kuma wasu ƙananan jiragen yaƙi ne biyu, Piedrabuena da Bouchard. Ba su san wani jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya mai aiki da nukiliya, Conqueror, yana bin su a baya ba. Ranar Lahadi 2 ga Mayu wajen ƙarfe 4 na yamma ya sako musu topido, wato makamin da ke tafiya ta ƙarƙashin ruwa, guda uku, biyu suka samu. Ɗaya ya fille gaban jirgin, ɗayan ya shiga ta baya wajen injina ya fashe ya yi sama ta ɗakunan cin abinci da na kwana, kuma lokacin canjin aiki ne wasu na hutawa wasu na shan shayi. Mafi yawan waɗanda suka mutu a wannan bugun suka tafi. Wuta ta ɗauke gaba ɗaya, ba fitila ba lasifika ba damar aika saƙon neman agaji, umarnin a bar jirgi ma da baki aka dinga miƙa shi daga wannan zuwa wancan. Kyaftin ɗin, Hector Bonzo, ya ba da umarnin bayan kamar minti 20, kuma yana cikin na ƙarshe da suka sauka. Wajen ƙarfe 5 jirgin ya shige. Shi ne jirgi na farko a tarihi da jirgin ƙarƙashin teku mai nukiliya ya nutsar a yaƙi.

Hoton nan na jikin takardar da na gani a otal ashe wani hafsa ne mai suna Martin Sgut ya ɗauka da 'yar ƙaramar kyamara daga cikin kwale-kwalen roba. Baba ya miƙo min shi na riƙe, ya nuna min da yatsa wajen da yake jin nasu kwale-kwalen yake.

Labarin kwale-kwalen ne ya fi ɗaukar lokaci kuma ban so ya tsaya ba. Ya ce da dare ya yi sai guguwa ta taso, igiyar ruwa ta fi gidan sama tsawo, ruwan kuma sanyinsa kaɗan ya rage ya zama ƙanƙara. Da farko sun ɗaure kwale-kwalen da juna da igiya, dole aka yanke don kar su yage. Kowa amai yake, ruwa na shigowa ana kwarfewa da takalmi, wasu jikinsu duk ƙuna ne da baƙin mai. Wani babba a cikinsu ya hana kowa barci, in ka fara gyangyaɗi a mare ka, a sa ka waƙa ko addu'a ko ka faɗi sunayen 'yan gidanku, don wanda ya yi barci a wannan sanyin ba ya tashi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wai kwale-kwalen da aka cika maƙil da mutane su suka rayu saboda ɗumin jikin juna, waɗanda mutum uku ko huɗu ne kawai a ciki an same su sun sandare. Sai washegari jirgin sama ya hango su, iska ta riga ta kwashe su ta yi nisa da su, aka yi ta tsintar su har kwana biyu zuwa uku. Wani ƙaramin jirgi mai suna Gurruchaga shi kaɗai ya kwashi sama da 300. Mutum 770 aka ceto. A cikin 323 da suka tafi, 102 yaran ƙuri'a ne, sauran ma da yawansu ƙananan kofur ne sa'anninsu, har da farar hula biyu 'yan gida ɗaya masu suna Avila da ke riƙe da kantin cikin jirgin, an ce su sauka kafin a tafi yaƙi suka ƙi.

Yana cikin wannan maganar biyu daga cikin waɗanda muka zo tare suka koma gefe suna ɗaukar kansu hoto suna dariya a gaban bangon. Ni abin ya sosa min rai, shi kuwa ko kallonsu bai yi ba, ya dai yi shiru har suka gama suka dawo sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Na ga dattako a nan.

Na tambaye shi ina aka binne su. Ya nuna kudu da hannu. Kusan 300 daga cikinsu suna cikin jirgin har yau a ƙarƙashin ruwa mai zurfin wajen mita 4,000, a 2003 masu bincike na National Geographic sun je nema da na'urori ba su gan shi ba. Sojojin ƙasa da suka mutu a tsibirin suna da makabarta a Darwin, waɗanda aka binne ba suna ma Red Cross ta tono a 2017 aka yi gwajin jini aka gane mafi yawansu, iyaye suka je suka ga kabarin 'ya'yansu. Na jirgin kuwa babu. Nan fa na tsaya ina tunani irin namu, mu da in mutum ya rasu da safe kafin azahar an yi masa wanka an sa likkafani an sallace shi an kai shi makwancinsa, a zauna karɓar gaisuwa kwana uku, uwa ta san inda ɗanta yake kwance ko ba ta je ba. Waɗannan iyayen takarda kawai aka kawo musu, ba gawa ba makara ba kabari. Ya ce akwai uwayen da suka yi shekaru suna gyara gadon yaron suna cewa wataƙila wani jirgin kamun kifi ya tsince shi ya manta kansa, wata har ta mutu ba ta yarda a taɓa kayansa ba. Shi ya sa wannan bangon ba ado ba ne a wajensu, shi ne kabarin. Na ga wata tsohuwa ta zo da fure ɗaya ta shafa wani suna da tafin hannu ta juya ta tafi, ba ta yi minti biyu ba.

Abin da ya ƙara sa na yarda da mutumin nan shi ne bai ɓoye mana gardamar da ke cikin lamarin ba. Birtaniya ta shata da'ira ta mil 200 kewaye da tsibiran, kuma jirgin yana wajen da'irar lokacin da aka harbe shi, ya ma juya yana fuskantar yamma. Ga shi a daidai lokacin shugaban Peru, Belaunde Terry, yana ƙoƙarin sulhu. Shi ya sa iyalai da yawa har gobe suke cewa laifin yaƙi ne Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya ta lokacin, ta aikata, wasu sun kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a shekarar 2000 aka ce lokaci ya wuce. A can Ingila ma wata mata mai suna Diana Gould ta tsare Thatcher da tambaya a talabijin a 1983 a kan wannan maganar, wata jarida kuma ta buga kanun murna da ya zama abin kunya har yau. Amma ya ce mana a ɗaya ɓangaren Birtaniya ta aika gargaɗi ranar 23 ga Afrilu cewa duk jirgin da ta ga barazana ne za ta harba ko a ina yake, kuma shi kansa kyaftin Bonzo kafin ya rasu a 2009 ya ce aikin yaƙi ne, su ma da sun samu dama da sun harba. Ɗaya daga cikin Turawan nan ya tambaye shi toh shi me ya gani. Amsar da ya bayar ita ce shi bai iya shari'a ba, abin da ya sani yaron da suke kwana gado sama da ƙasa ya sauka shan shayi minti biyar kafin bugun, shi kuma yana sama yana gadi. Kuma ya ƙara da cewa kwana biyu bayan nan jirgin Ingila Sheffield ya sha makami mai linzami mutum 20 suka mutu, su ma 'ya'yan wasu ne. Ni nawa ganin, ko da dokar yaƙi ta halatta harbin, alhakin yaran nan bai sauka daga wuyan waɗanda suka ɗora su a tsohon jirgi suka tura su gaban abin da ba su da maganinsa ba.

Bayan abinci aka kai mu gidan tarihin Malvinas da ke unguwar Nuñez, an buɗe shi a 2014 kuma shiga kyauta ne. Kafin mu shiga na ce zan yi sallah, 'yar ta samo min wani lungu mai ciyawa ta duba min alƙibla a wayarta, Baba ya tsaya nesa kaɗan ya riƙe min jaka har na idar, wannan ya goge min rabin haushin abincin. Gidan tarihin yana cikin harabar ESMA, tsohuwar makarantar kanikancin sojan ruwa, wajen da gwamnatin soja ta 1976 zuwa 1983 ta mayar gidan azabtarwa, mutum wajen 5,000 aka shigar kaɗan ne suka fito, wasu an yi musu allura an jefo su daga jirgin sama cikin ruwa. UNESCO ta sa wajen cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Na ce masa Baba ashe rundunar da ka yi wa aiki ita ta yi wannan. Ya ce eh ita ce, kuma shi ya sa da suka dawo ba wanda ya san yadda zai yi da su. An sha kashi ranar 14 ga Yuni bayan kwana 74, aka shigo da su a ɓoye, aka ja musu kunne kar su yi magana, mutane kuma suna ganin kaki sai su tuna da janar-janar ɗin nan. Ya yi shekaru in ya je neman aiki ba ya faɗin ya je yaƙi don ana ce musu masu taɓin hankali, wasu abokansa da suka tsira daga teku daga baya da hannunsu suka kashe kansu. Aikin sojan tilas ɗin ma bai ƙare ba sai 1994, bayan an kashe wani yaro mai suna Omar Carrasco da duka a barikin Zapala, ƙasa ta ɗauki zafi shugaba Menem ya soke shi.

Ƙorafina na ƙarshe a nan yake. Saboda lattin da suka yi da safe sai aka dinga koro mu a gidan tarihin, hawa uku ne ga bidiyo ga wasiƙun da yaran suka rubuto wa iyayensu, mafi yawa da Sifaniyanci, ina so ta fassara min ko guda biyar ne amma tana ta duba agogo don Turawan nan suna da wani shirin da yamma. Turancinta ma yana da kyau amma in baban ya yi magana mai tsawo sai ta dunƙule ta a jimla biyu, kana gani a fuskarsa ka san ya faɗi abin da ya fi haka. Da za su ji shawarata da sun rage mutane zuwa huɗu, sun kuma bar yinin gaba ɗaya ba tare da haɗa shi da wani abu ba.

A hanyar dawowa ya zuba ganyen shayinsu da suke kira mate a ɗan ƙoƙo da bututun ƙarfe, ana sha ana miƙa wa na gaba kamar yadda muke zagaya kofin shayi a majalisa, ɗaci gare shi sosai amma na sha. Ya tambaye ni Najeriya, ya ce ya san mu ta ƙwallo, sau biyar muka haɗu da su a gasar cin kofin duniya, na ce masa eh kuma sau biyar ɗin duk ku kuka ci, a nan ne kawai na ga ya yi dariya da ƙarfi duk yinin. Ya ciro takardar peso 50 ta 2015 mai taswirar tsibiran ya nuna min ɗan hoton jirgin a bayanta, kuɗin yanzu ko alewa ba za su saya ba amma yana yawo da ita a walat.

In maki ne zan ba su 4 cikin 5, ɗayan na cire shi ne don latti da maganar abinci da gaggawar da aka yi mana a ƙarshe. Wanda Allah ya kai shi garin ya nemi irin wannan zagayen wanda tsohon sojan da abin ya faru da shi yake jagoranta, ba na 'yan haddace labari ba. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, ka riƙe kuɗi a hannu, maganar abinci ka maimaita ta a mota kafin a tashi, in kuma ranar Juma'a ce akwai babban masallacin Sarki Fahd a unguwar Palermo ba nisa daga hanyar. Kar ka kai ƙananan yara, kar kuma ka sa wani shiri a bayansa don ba za ka iya ba.

Ranar da za mu taso jirginmu na dare ne, da safe na hau jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ni kaɗai na koma Retiro, don allo ɗaya kawai na karanta ranar farko kuma abin ya tsaya min. Na fara daga na farko ina bi da yatsa, na samu 'yan gidan Avila su biyun. Na kai allo na 17 abokin tafiyata ya kira ni wai motar filin jirgi ta iso ana jira na.